Charger ko Camry: ba girin-girin ba, ta yi mai

Jama'a ku yi min haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo, kuma na san akwai waɗanda ba zai yi wa daɗi ba.

Makon jiya wani ƙanena, ɗan ƙanen mahaifinmu, ya same ni a gida nan Danko da waya a hannu yana ta washe baki. Ya ce, "Yaya, dubi abin da zan ɗauko." Ina dubawa sai ga Dodge Charger baƙa wuluk, an ɗauki hotonta a wani wurin sayar da motoci a Abuja. Na ce da wane kuɗin? Ya ce zai sayar da rabonsa na gonar gado, ya cika da bashin ƙungiyar ma'aikata ta ofishinsu. Na ce me zai hana ka nemi Camry mai tsabta, ko da SE ɗin nan ce mai zubin motar tsere, ka bar gona a inda take? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, Camry ai motar 'yan fansho ce, kowa na da ita. Ni so nake in na shigo gari a san na shigo."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Kuma ba shi kaɗai ba ne, na ga abokansa a nan Facebook suna ta zuga shi, wai namiji sai da mota mai ruri. To da ku nake yau, masu zugar.

Mu fara da asali. Irin waɗannan motoci, su Charger da Challenger da Mustang da Camaro, Amurkawa na kiransu motoci masu ƙwanji. Sun yi tashe ne daga 1964, shekarar da Ford ya fito da Mustang, Pontiac kuma ya fito da GTO. Dabarar ba wata mai wuya ba ce: a ɗauki ƙaton inji mai fulogi takwas a cusa a jikin mota, saboda a lokacin fetur a can kamar kyauta yake, hanyoyinsu kuma shimfiɗaɗɗu ne miƙaƙƙu. Da ƙasashen Larabawa suka hana su mai a 1973 farashi ya tashi, nan take kasuwar motocin ta faɗi. Wato tun ran gini tun ran zane, mota ce ta ƙasar da mai ke araha kuma kwalta ba ta da rami. Ku gaya min tsakani da Allah, cikin biyun nan wanne muke da shi a Danko/Wasagu?

Sai mu zo kan mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tankin Charger lita 70 ne, na Camry 2007 zuwa 2011 ma lita 70 ne. In lita na naira 1,000, cika tanki sau ɗaya naira 70,000 ke nan, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Bambancin shi ne inda man zai kai ka. A awon da hukumar Amurka ta yi, Charger mai inji 5.7 tana cin kusan kilomita 8 ne a lita, Camry mai fulogi huɗu kuma tana haura kilomita 10. Wannan fa a kan kwaltarsu ne. A gargadar hanyar Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko da muka sha wahalarta shekara da shekaru, ko ranar da gidan mai ya rufe sai wajen 'yan bumburutu, lissafin ya wuce haka.

Wani zai ce ai ba mai fulogi takwas zai saya ba, mai shida ce. To nan ma dariya ta zo. Charger mai fulogi shida ƙarfin doki 292 gare ta. Camry mai fulogi shida ta 2007 zuwa 2011 tana da 268, kuma ta fi ta rashin nauyi. Ashe ƙwanjin da ake sayar da gona dominsa bai wuce ɗan taƙi ba. Abin da ka saya shi ne fuska da ƙarar salansa. Ku tuna ma mu 'yan Najeriya wannan Camry ɗin ce muka raɗa wa suna "Muscle". Ga mai ƙwanjin nan a hannunmu tun tuni.

Yanzu batun ƙarko, inda aka fi yi min gardama. An ce min Charger na da ƙwari, ai 'yan sandan Amurka ma ita suke hawa. Gaskiya ne suna hawa. Amma su suna da garejinsu da makanikansu, kayan gyara kuma na nan a bayan gida. Ƙarkon mota ba a kamfani kaɗai ake yinsa ba. Abu huɗu ne ke haɗuwa: motar, hanyar, bakaniken da ya san ta, da kasuwar da za ka sami kayanta. In ɗaya ya ɓace, to mota ta zama kayan ado.

Ba na cewa Camry waliyiya ce. Duk mai ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 ya san yadda wasunsu ke shan baƙin mai, kuma mun ga yadda rana ke narkar da dashbod ɗinta har ya riƙa danƙo. Honda Accord ma mun san halinta da ƙafa. Amma ciwon da kowane bakanike a Zuru ya sani ai ya zo da sauƙi. In babu kayan a gari, ka buga waya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a sako maka a motar haya, jibi kana kan hanya. Charger fa? Ran da na'urar da ke sarrafa injinta ta rikice ko giyabos ya fara fizga, sai an nemi motar ɗauka zuwa Abuja ko Legas, a yi odar kaya da dala, a zauna jira. Ga ƙasanta dab da ƙasa, damina ɗaya a hanyoyinmu ta isa ta cinye bamba da shokazoba. Kada kuma mu manta, yawancin motocin da ake shigo mana da su daga Amurka a gwanjo ake sayo su, wasu bayan haɗari, wasu bayan ambaliya. Motar da saurayi ya saya don gudu, ba lallaɓa ta ya yi ba kafin ta iso hannunka.

Mu da muka haura arba'in mun ga zamanin Peugeot 504 da 505, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a wancan lokacin. Me ya ba su suna har suka zama motar gwamnati da ta manyan gari? Ba ruri ba ne. Ƙafarsu ta dace da hanyarmu, kowane yaron gareji ya san cikinsu, kayansu har a kasuwar ƙauye. Da kayan suka yi wuya, sai sunan ya dushe. Haka suna yake a harkar mota, bakanike da hanya ne ke bayar da shi.

Shi kuwa sunan Charger daga ina muka samo shi? Daga finafinan Fast & Furious da bidiyon mawaƙa. Wai motar Amurka ce zalla. To irin wadda ƙanena ya nuna min a garin Brampton na Kanada aka ƙera ta, ita kuwa Camry da ake rainawa tun 1988 ake ƙera ta a jihar Kentucky ta Amurka. Kuma a Disamban 2023 kamfanin ya daina yin wannan samfurin na Charger da Challenger, Chevrolet ma ya tsayar da Camaro. Masu abu sun ajiye, mu kuma za mu sayar da gonar kakanni mu ɗauka.

Ga maganar da ta fi damuna. Ƙanena ya ce so yake a san ya shigo. Su wa za su sani? Mu nan ba Maitama muke ba. Kowa ya san halin da ƙasar Zuru ke ciki da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mota guda tilo irinta a duk yankin, wadda ake jin kukanta tun daga nesa, shela ce kake yi wa kanka kullum: ga lokacin fitarka, ga hanyar da ka bi. Kuma motar da ta mutu maka a daji bayan la'asar, a nan ba abin kunya kaɗai ba ne, batun rai ne. Darajar mota a wurina ita ce, in haihuwa ta zo wa iyalinka da gardama ƙarfe biyun dare, ka murɗa makulli ta tashi ta kai ku asibiti a Zuru.

Za a ce kuɗinsa ne, ina ruwana, ko a ce hassada ce. Wallahi in attajiri mai motoci biyar ya sayi Charger don yawon yamma a Abuja, Allah ya sanya alheri, ni ma in na gani zan kalla. Amma ma'aikaci mai jiran albashi, da bashin da za a riƙa yanka duk wata, da gonar da in ta tafi ba ta dawowa? Wannan ruwana ne, don ran da abin ya kwaɓe ba masu zugar za a nema ba, mu za a nema. Hausawa sun ce wanda ya hau motar kwaɗayi, tashar wulaƙanci za ta sauke shi.

A ƙasar nan tamu da saurayi kan yi shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba a taɓa auna namiji da ƙara ba. Da juriya ake auna shi. Mota ma haka take.

Har yanzu dai ba a sayar da gonar ba. Ku abokansa da ke karanta wannan, don Allah ku sassauta zugar. Kai kuma ƙanena, na san za ka gani: ban ambaci sunanka ba, kuma ƙofata a buɗe take, ka zo mu je mu duba Camry tare.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zuru. Amin.