Yaro mai galahanga na buƙatar malamin da zai zauna kusa da shi

A wasu makarantun kuɗi na Abuja da Legas, an fara sabawa da ganin babban mutum zaune a gefen yaro ɗaya daga safe har a tashi. Shi ne mataimakin da ake ɗauka domin ɗalibi mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Galibi iyaye ne ke biyan albashinsa, ban da kuɗin makaranta. Ɗan talaka kuwa, ko dai a bar shi a ƙuryar aji ba mai kula shi, ko a ce wa iyayensa su tafi da shi gida, wai ba ya jin magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura. Ke nan da wuya a samu babbar firamare da babu irinsa. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke bunƙasa, ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Wani yaron ba ya magana sam, wani yana da baki amma mu'amala da mutane na ba shi wahala, wani ma ya fi 'yan ajinsu iya lissafi.

Aikin mataimakin ya wuce reno. Yawancin waɗannan yara sun fi gane abin da suka gani a kan abin da suka ji, don haka yakan jera wa ɗalibin hotunan abin da za a yi a yini: taron safe, darasi, tara, sallah, tashi. Yakan sanar da shi kafin a sauya darasi, domin sauyin ba-zata na tayar masa da hankali. Umarni gajere yake bayarwa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jira amsa ba tare da gaggawa ba.

Yakan kuma lura da abin da ke faruwa kafin yaron ya fara ihu ko toshe kunne. Sau da yawa ƙararrawa ce, ko hayaniyar aji, ko ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufi. A irin wannan hali bulala ƙara dagula lamarin take yi. Wuri mai shiru da 'yan mintuna sun fi ta amfani. Duk abin da ya gani sai ya rubuta wa iyaye, domin tsarin gida da na makaranta su zo ɗaya.

Sai dai aikin na da tarko. Mataimakin da bai samu horo ba yakan riƙa yi wa yaro rubutu, ya amsa tambaya a madadinsa, har ya zama katanga tsakaninsa da abokai. Malamin aji shi ma sai ya sakar masa komai. Gwanin mataimaki shi ne mai janye jiki sannu a hankali: yau ya kama hannun yaro, gobe ya nuna masa da yatsa, jibi ya tsaya daga nesa. Kuma tun da wasu yaran ba sa iya faɗin abin da aka yi musu, wajibi ne a binciki halin duk wanda za a ɗauka, zaman nasu kuma ya kasance inda ido ke gani.

Doka ta riga ta yi magana. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce dole makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan ɗalibai, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kansu. Wuraren horon ma akwai su: Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos na da sashen ilimi na musamman, ga kuma kwalejin tarayya da ke Oyo wadda aka keɓe domin wannan fanni.

Gaskiya ne ajin da ke cike maƙil da yara, malami ɗaya, ba zai samu mataimaki ga kowane mai lalura ba. Amma ba kowane yaro ne ke buƙatar mutum a gefensa duk yini ba. Wani awa ɗaya ta ishe shi, don haka ƙwararre ɗaya zai iya zagaya yara da dama.

Ya kamata hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su ware guraben aiki ga waɗanda suka karanci fannin, su fara da makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, su kuma koya wa sauran malamai alamomin lalurar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk zangon karatun da ya wuce yaro yana zaune a gida ba ya dawowa.