Sabuwar 'yar Kwatano, kada ka bari a cire mata tamostat

1/ Jama'a, zaren yau na waɗanda suka sayi motarsu ta farko ne, 'yar Kwatano ko wadda aka ɗan hau a nan gida. Abin da ke ba ni haushi: mutum ya yi shekara biyu yana tari, mota ta iso, ragowar kuɗin ya tafi a baƙin gilashi da sifika. Bonet kuwa, ko inda ake ja ya buɗe bai sani ba.

2/ Sai ranar da ta ɗau zafi a cunkoso ya ruga gareji. Nan za a ce masa: “Oga, ai motar ƙasar sanyi ce, sai an cire tamostat an haɗa fanka dairek.” Ya biya, har da godiya.

Ɗan'uwa, ka ƙi. A Saudiyya da Dubai ma irin motocin nan da tamostat ɗinsu suke yawo, kuma ba sanyi ake yi a can ba.

3/ Tamostat 'yar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Tana rufe har inji ya ɗumama, a yawancin Toyota wajen digiri 82, sannan ta buɗe ruwa ya zagaya. Ka cire ta, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa?

Kuma ainihin ciwon yana nan: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, fanka, famfon ruwa, ko tiyo mai yoyo. In tamostat ɗin ce ta maƙale, sabuwa ake sawa.

4/ Haka masu ɗura fiya wata a lagireto. Ruwa zalla tsatsa yake kawowa. Kulan ake zubawa. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin inji na da zafi, fuska ɗaya gare ka.

5/ To me za ka iya da hannunka? Mu ɗauki Corolla 2003 zuwa 2008, tunda ita ta cika gari.

Baƙin mai shi ne farko. Ba ka san yaushe mai ita na baya ya yi juye ba, don haka ka canza a makon farko. Littafin motar 5W-30 ya ce, kusan lita 4 har da filta. Za a ce maka sai mai kauri 20W-50 saboda “zafin Najeriya”. Wanda ya ƙera injin ya fi mai faɗin haka saninsa. Sifana mai lamba 14, roba ta tarar tsohon mai, sabuwar filta, shi ke nan. Amma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai da ƙafafun ƙarfe na tokare ta.

6/ Filtar iska ko sifana ba ta so, maƙalai ne ka ɓalle. Bayan ƙurar hunturu ciro ta ka ga abin mamaki.

Taya: iskar da ake so tana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a kan mai faci ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen tayar: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da zane raɗau amma ta tsufa.

7/ Sai wanda na fi so: 'yar na'urar OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin soka ta a ƙasan sitiyari. Ka haɗa da waya, ta karanto maka dalilin da wutar inji ta kama. Kuɗinta bai kai rabin na sifikar nan ba. Da ita a hannu, ba mai liƙe maka wutar da baƙin salatif ya ce an gyara.

8/ Na san masu garejin za su cika min akwati. Ban ce a daina zuwa wajenku ba. Birki, giya, ƙafar mota, wayarin, duk naku ne, sabon shiga bai da hurumi a nan. Akwai ƙwararru na gaske cikinku, su ne ma ke faɗa da cire tamostat. Abin da na ƙi shi ne mai mota ya miƙa makulli ya koma inuwa yana danna waya.

9/ In kuɗin kaɗan ne, bi da bi: watan farko mai da filtoci, na biyu kulan da na'urar, na uku taya in ta tsufa. In za ka Kofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, tafi da tsohon a leda ka gwada su gefe da gefe. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da kilomita duk ranar da ka yi juye.