Baƙonka Annabinka: Tunani a Kan Tashin Almasihu

Idin Ista, wanda Kirista suke yi domin tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, ba shi da tsayayyiyar rana guda a shekara, sai dai a lissafin yawancin majami'un ƙasar nan ba ya fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato yakan same mu ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya kai matuƙa, rijiyoyi suka ja baya, dabbobi suka rame, ƙasa kuwa ta bushe ta tsattsage har mai kallo ya ɗauka ba za ta ƙara fid da tsiro ba. Amma a wannan lokaci ne manomi yake sharar gona, in an ɗan jima kuma wani ya ɗebi irin geron da ya hana kansa da iyalinsa ci, ya je ya yi binne a cikin busasshiyar turɓaya, ya komo gida ya zauna jira, alhali kuwa ko gajimare babu a sama. Da irin wannan misali na iri da ƙasa Manzo Bulus ya bayyana tashin matattu a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, kamar yadda Alƙur'ani ma, a wurare da dama, ya kafa hujjar tashin ƙiyama da matacciyar ƙasa wadda ruwan sama yake rayarwa. Saboda haka mutumin ƙasar Hausa, ko wane addini yake bi, ba baƙo ba ne ga maganar rai yana fitowa daga inda aka fid da tsammani.

Wajibi ne in faɗi tun da fari cewa a kan wannan mas'ala akwai saɓanin aƙida na haƙiƙa tsakaninmu da 'yan'uwanmu Musulmi, domin su sun yi imani cewa Annabi Isa ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi, mu kuwa Kirista mun yi imani cewa an gicciye shi a zamanin hakimin Rumawa Bilatus, ya mutu, aka sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi. Wannan saɓani ba ƙarami ba ne, kuma wanda ya ɓoye shi domin neman a yaba masa bai girmama ko ɗayan ɓangarorin biyu ba. Ba muhawara ce ta kawo ni ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ke cikin ƙissoshin tashin nan, wanda nake ganin mu Kirista mun yi sakaci da shi, wanda kuma, in an fahimce shi, zai gyara zaman da muke yi da juna.

Duk wanda ya karanta ƙarshen littattafan Linjila huɗu a natse, ba da gaggawar wanda ya riga ya san labari ba, zai lura da wani al'amari mai ban mamaki, wato sau da yawa waɗanda Almasihu ya bayyana gare su bayan tashinsa ba su gane shi da farko ba, ko da yake su ne suka shekara uku suna ci suna sha tare da shi. Maryamu Magadaliya ta je kabari da sassafe tun da sauran duhu, ta tarar an kawar da dutse, ta tsaya tana kuka, da ta waiwaya ta ga mutum tsaye sai ta ɗauka mai lambu ne, har ta roƙe shi in shi ya ɗauke gawar ya nuna mata inda ya ajiye, ba ta kuwa farga ba sai da ya kira ta da sunanta. A bakin Tekun Tibariya ma, almajirai 7 sun kwana suna jefa taru ba su kama kome ba, da gari ya waye suka hango wani a gaɓa yana tambayarsu ko sun sami abin ci, ba su san shi ba sai da suka bi shawararsa taru ya cika da kifi 153, da suka fito kuma suka iske ya riga ya hura wuta, ya aza kifi, ga gurasa a gefe.

Amma ƙissar da ta fi kama zuciyata ita ce wadda Luka ya kawo a sura ta 24 ta Linjilarsa, ta mutum biyu, ɗaya sunansa Kiliyobas, waɗanda suka bar Urushalima a ranar nan ta Lahadi suka nufi wani ƙauye mai suna Imuwasu, tafiyar wajen mil 7, zukatansu a karye, domin wanda suka ɗora wa dukkan burinsu an kashe shi kisan wulaƙanci a gaban idon jama'a. Suna cikin tafiya sai wani matafiyi ya iske su ya jera da su, ya tambayi abin da ke damunsu, suka yi mamakin yadda za a ce akwai baƙon da bai ji labari ba, shi kuwa ya shiga warware musu littattafai tun daga Musa har sauran annabawa, duk da haka ba su gane shi ba. Da suka iso ƙauyen, rana ta yi gora, baƙon ya yi kamar zai wuce, sai suka matsa masa ya sauka a wurinsu ya kwana. A wajen cin abinci ne, sa'ad da ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura ya miƙa musu, idanunsu suka buɗe. Abin lura a nan shi ne, ilmin da suka ji a hanya, duk da daɗinsa da zurfinsa, bai kai su ga ma'arifa ba sai da suka yi abin da kowane mutumin kirki yake yi wa matafiyin da dare ya riska, wato suka sauke shi suka ba shi abinci, ba don sun san ko wane ne shi ba. Da sun bar shi ya wuce, da sun kwana da ilminsu da baƙin cikinsu gaba ɗaya. Kakanninmu da suka ce baƙonka annabinka ba su karanta Luka ba, amma hikimar da suka taƙaita cikin kalma biyu ita ce wannan.

Sai kuma mu dubi inda bai bayyana ba. Babu inda Linjila ta ce ya shiga fadar Bilatus domin ya kunyata shi, ko majalisar babban firist Kayafa domin ya kafa mata hujja, ko kuwa ya tsaya a farfajiyar Haikali inda dubban masu idi za su gan shi, alhali bisa ga hankalin ɗan Adam nan ne ya kamata mai nasara ya nuna kansa. Shaidunsa na farko mata ne, a zamanin da shaidar mace ba ta da nauyi a gaban alƙali, har Luka ya ce manzannin kansu sun ɗauki maganar matan tamkar tatsuniya. Sa'ad da kuma ya zo wurin almajirinsa Toma, wanda ya ce shi sai gani ya kori ji, alamar da ya nuna masa ita ce gurbin ƙusoshi a tafin hannu da na mashi a kwiɓi. Ma'anar wannan a wurina ita ce, wanda ya tashi bai shafe tabon wahala daga jikinsa ba, saboda haka mai nemansa lalle ne ya saba da kallon masu tabo.

Tarihin ikilisiya a ƙasar Hausa ma shaida ne a kan haka, ga wanda bai manta ba. A shekarun 1930 ne, da yardar sarakuna, wani mishan mai suna SIM ya karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato, daga baya kuma aka buɗe irin wannan wuri a Danja kusa da Maraɗi. Waɗannan wurare ne da mai lafiya yake ratsewa in ya hango su, inda ake kai mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, aka yi masa makoki tun yana da rai. Amma daga cikin mutanen nan da aka fid da tsammani a kansu aka sami waɗanda suka koyi karatu da rubutu, suka zama masu ba da magani da malaman makaranta da masu wa'azi, har ya kasance da yawa daga cikin Kiristan Hausawa na farko daga can suka fito. Wanda yake alfahari da ikilisiya a yau ya kamata ya tuna cewa wani sashe na harsashinta hannuwan da yatsunsu suka gutsure ne suka aza shi.

Abin da ke damuna, kuma ina faɗinsa ne da ƙauna ga 'yan'uwana, shi ne mun fara auna kusancin Allah da ma'aunin kasuwa. Ana gina majami'u masu ɗaukar dubban mutane, ana ware kujerun gaba domin masu hannu da shuni da masu mulki, ana wa'azi kamar dai dukiya ita ce hatimin yardar Ubangiji, talauci da ciwo kuwa alamar raunin imani ne. A ranar Ista za a yi anko, a yi kiɗa, a amsa da ƙarfi cewa ya tashi, sa'an nan a fito a wuce maigadi da mai shara da almajirin da ke bakin ƙofa da ɗan ƙoƙonsa ba tare da an ɗaga ido an dube su ba. In dai abin da muka karanta gaskiya ne, kuma na yi imani gaskiya ne, to wanda muka taru dominsa a siffar irin waɗannan ya fi bayyana, a matsayin mai lambu da matafiyi da mai hura wuta a bakin ruwa.

Akwai wani abu da ya faru a zamaninmu wanda bai kamata Kiristan ƙasar nan su bari a manta da shi ba. Ranar 23 ga Yuni 2018, sa'ad da mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, jama'a, yawancinsu Kirista, suka gudo zuwa Nghar Yelwa, sai limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ɗan shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata cikin gidansa, maza kuma cikin masallaci, ya fito ya tsaya a gaban masu makamai yana roƙonsu, ya ƙi buɗe ƙofa, har ya gwammace a ɗauki ransa da ya miƙa baƙinsa. Mutum 262 aka lasafta sun tsira ta wannan hanya, abin da ya sa gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kirista nawa ne, in an tambaye su kafin ranar nan inda ceton Allah zai same su a sa'ar tsanani, za su ce a cikin masallaci? Amma a nan ya same su, ta hannun wanda suka saɓa da shi a aƙida.

Na san wani zai ce irin wannan magana tana narkar da addini, tana mai da majami'a da masallaci abu guda, tana kuma rage darajar ibada da wuraren ibada. Amsata ita ce, limamin nan bai bar Musuluncinsa ba da ya buɗe ƙofa, bal ma da shi ya yi aiki, waɗanda suka shiga kuma ba su bar Kiristancinsu ba da suka fake. Mutum biyun Imuwasu ma, da idanunsu suka buɗe, a daren nan suka koma Urushalima wurin taron 'yan'uwa, wato gane Ubangiji a hanya bai raba su da jama'ar masu bi ba. Ibada tana nan da falalarta, karatu yana nan da martabarsa, sai dai amfaninsu shi ne su wanke ido domin ya iya gani a waje, in kuwa ba su yi haka ba, sun zama kamar fitilar da aka kunna aka kife ƙwarya a kanta. A sura ta 25 ta Matiyu, Almasihu ya bayyana cewa ranar hisabi za a tambayi mutane game da mayunwaci da mai ƙishi da baƙo da marar tufa da majinyaci da ɗan kurkuku, ya kuma ce abin da aka yi musu shi aka yi wa. 'Yan'uwanmu Musulmi kuwa suna da hadisi ƙudusi wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, mai nuna cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan majinyacin da bai gaishe ba da mayunwacin da bai ciyar ba, ya sanar da shi cewa da ya je duba majinyacin nan da ya sami Allah a wurinsa. Mun saɓa a kan kabarin nan na Urushalima, amma ba mu saɓa a kan gadon majinyaci ba.

A garuruwa da dama na ƙasar nan Kirista sukan fita bayan gari ranar Litinin ɗin Ista, su ce za su Galili, domin tunawa da saƙon da aka ba matan nan cewa can almajirai za su gan shi. Al'ada ce mai kyau, sai dai ya kamata a tuna cewa Galili ba wurin shaƙatawa ba ne a wurin Manzo Bitrus da abokansa, gida ne, wurin taru da jirgi da neman abinci, lardin da malaman Urushalima suke rainawa. Galilinmu ita ce tashar mota da kasuwa da ɗakin jinya da sansanin 'yan gudun hijira da ƙofar maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Shawarata ga wanda ya amsa ranar Lahadi cewa Almasihu ya tashi ita ce, kafin mako ya zagayo ya nemi mutum guda da ya saba wucewa bai gaishe shi ba, ya tsaya, ya tambayi sunansa, in da hali ya zaunar da shi su sa hannu a akushi ɗaya, domin mutanen Imuwasu ma sai da suka shimfiɗa tabarma suka kawo abinci kafin su san wanda suka sauke.