Wa Ya Naɗa 'Ya'yanmu Alƙalai?



Akwai maganar da muka daɗe muna ji a ofishin fasto, amma kunya ta hana mu kawo ta gaban ikkilisiya. A zangon karatun da ya wuce, wata gwauruwa ta kawo mana ɗanta mai shekara 14 daga wata makarantar kwana, bayansa duk shatar bel. Mene ne laifinsa? Muryarsa siririya ce, ba ya buga ƙwallo, ya kuma iya tuƙa tuwo domin gidansu babu 'ya mace. Sai siniyoyi suka laƙaba masa ɗan daudu, daga baya suka ce ɗan luwaɗi ne. Suka hana kowa cin abinci tare da shi, suka jiƙa masa katifa, da dare kuma suka kafa masa kotu a ɗakin kwana. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, uku daga cikin masu dukan su ne ke jagorantar addu'ar safe ta ɗalibai Kirista.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce: "Fasto, ai gyara shi suke yi." Wane irin gyara? Koyarwar ikkilisiya a kan aure tana nan, ba ita muka zo taɓawa ba. Amma a nuna mana ayar da ta miƙa wa yaro ɗan shekara 17 bulala, ta ce ya hukunta ɗan'uwansa. Mun yi shekaru a makarantar tauhidi, ba mu gamu da ita ba.

Kada kuma mu fake da cewa ai ƙarya aka yi wa yaron. A ce ma gaskiya ne, a ce yana fama da wannan sha'awa a zuciyarsa. Sai me? Ya daina zama halittar da Allah ya yi cikin siffarsa? A Yohanna sura 8, matar da aka kawo gaban Yesu ba ƙage aka yi mata ba, kama ta aka yi. Duk da haka waɗanda suka zo a jefe ta ne suka watse ɗaya bayan ɗaya, kuma manyansu ne suka fara tafiya. Dattawa, a lura da wannan.

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu ya kamata mu riga kowa gane wannan ciwo. Sau nawa muka rubuta koke saboda an matsa wa 'ya'yanmu su ɓoye sunansu, ko an mai da su saniyar ware a aji? A watan Mayu na 2022 duk mun yi kuka sa'ad da ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Sakkwato, bisa zargi, ba kotu ba shari'a. Muka ce ɗalibi ba shi da ikon yanke wa ɗalibi hukunci. To, da wane baki za mu sake faɗin haka, idan namu 'ya'yan suna kafa irin wannan kotu a kan wanda ya fi su rauni?

Wani zai ce doka ma ta hana. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya. Ba ta ba firifet ikon duka ba, ba ta kuma ce tafiya ko murya laifi ne ba.

Wulakanci yana kisa, ko da ba a ɗaga sanda ba. A Amurka, a watan Satumba na 2010, Tyler Clementi, ɗan shekara 18 a Jami'ar Rutgers, ya kashe kansa bayan abokin ɗakinsa ya leƙa asirinsa da kyamarar kwamfuta, ya kuma yayata shi. Daga gidan masu zuwa sujada ya fito, kamar namu.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a taronta na gaba. Malaman makarantar Lahadi su daina barkwancin ɗan daudu a gaban yara, mu fastoci kuma mu daina shi a kan bagade, gama daga bakinmu suke ɗauka. Idan yaro ya dawo hutu ya yi shiru, ya ƙi komawa makaranta, a zaunar da shi a tambaye shi a hankali kafin a kira shi rago. Iyayen masu dukan kuma a kira su, ko da su ne suka fi kowa ba da zakka.

Yaron nan yana gida yanzu, mahaifiyarsa tana neman kuɗin sauya masa makaranta. Mun roƙe shi ya koma ƙungiyar mawaƙa, ya ce mana ba zai ƙara buɗe baki a gaban mutane ba.