Zancen Bakin Kwalta: Gadar da ke Rataye da Igiyoyi



Duk wanda ya taɓa lura da ɗan garuwa ya fahimci rabin zancenmu na wannan wata. Garewani na rataye da igiya, amma nauyin a kafaɗarsa yake sauka, ya bi ƙafafunsa zuwa ƙasa. Haka ake gina wata irin gada: a kafa dogon turke guda, a ɗauro igiyoyin ƙarfe daga jikinsa su riƙe gadar. Ba sai an jera mata ginshiƙai a ƙasa ba.

'Yan'uwanmu masu zuwa Abijan sun ga irinta tsakanin Kokodi da Filato, wadda aka buɗe a 2023. Ikko ma tana da tata tun 2013. Duka biyun na masu mota ne.

Ta ƙofar birnin Ƙudus kuwa daban take. An buɗe ta a 2008, turkenta ya kai mita 118, igiyoyinta 66. Tun 2011 jirgin lantarki na cikin gari ke bi ta kanta, ga kuma hanyar masu tafiya ƙasa a gefe. Jirgin na lanƙwasawa ta saman mararraba mai cunkoso, ba ginshiƙin da ya tare hanya.

To, me ya kawo zancen? Wagadugu ba ta da irin wannan jirgi. A 2018 mun samu babbar gadar sama ta arewa, Allah ya amfana. Amma mai kai tumatir kasuwa da asuba har yau babur ko keke take hawa, ko ta yi ta jiran bas ɗin SOTRACO cikin ƙura.

Ba mu kuma manta da 2003 ba, shekarar da aka rushe tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangwetin domin aikin ZACA. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka ranar da hukuma ta zo da zanen wata gada, kada tsawon turke ya ɗauke mana hankali. Dattawan unguwa su yi tambaya biyu: gida nawa za ta ci, kuma wa za ta ɗauka?

Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.