Hazo Ba Ya Sa Hannu a Takarda

Duk wanda ke zaune a Tudun Wadan Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a garin nan a 1964. Amma ranar da hazon hunturu ya rufe gari, sai ka ji sama ta yi tsit, domin malamai ba sa barin ɗalibi ya tashi alhali ba ya ganin gabansa. Tun daga nan ake koya masa cewa idan yanayi ya ɓaci, mutum ne zai yanke shawara. Mu kuwa da zarar babban jirgi ya faɗi, sai mu ce "iska ce" ko "hazo ne", mu yi addu'a, mu watse.

Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a can, aka karkatar da shi Kano, inda ake iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya juya, ya bar titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Kafin ranar, ba a taɓa yin haɗarin jirgin da ya ci rayuka masu yawan haka ba a duniya.

To, wa ya auna iskar ya sanar da matuƙi? Wa ya yanke shawarar a sauka? Wa ke duba lafiyar titin? Wa aka ɗora wa shirin kashe gobara? Amsar kowace tambaya mutum ne mai suna, mai karɓar albashi.

Na san za a ce ƙaddara ce. Ni ma na yi imani da ita, kuma ba wanda zai wuce kwanansa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure. Da ƙaddara na wanke mai sakaci, da ba a shar'anta diyya ba. Kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya fara ɗaure shi kafin ya yi tawakkali. Jami'in da ya fake da ƙaddara, kujerarsa yake karewa.

Akwai wata dabarar kuma: a jibga wa matuƙi laifin duka, tunda galibi ya mutu, ba bakin kare kai. Ranar 10 ga Disamban 2005, jirgin Sosoliso daga Abuja ya faɗi wajen sauka a Fatakwal ana ruwa da iska. Mutum 108 suka rasu, 60 daga ciki ɗaliban makarantar Loyola ne da za su gida hutu. Bincike ya nuna matuƙan sun ci gaba da yin ƙasa ba su ga titi ba, kuma wannan kuskure ne. Amma fitilun titin ba sa aiki a lokacin, sannan jirgin ya daki wani magudanar ruwa na kankare da ke kusa da titin. Matuƙi ne zai kunna fitilun? Shi ya gina kankaren?

Hukumar NSIB mai binciken haɗurra tana fitar da rahotanninta da Turanci, a intanet. Mahaifiyar da ɗanta ya ƙone a jirgi tana da haƙƙin ta ji da Hausa, a rediyo, abin da aka gano da wanda aka hukunta. FAAN mai kula da filayen jirage da NiMet mai hasashen yanayi su ma su riƙa fitowa kafin kowane hunturu da kowace jigilar alhazai, su faɗa wa jama'a halin da na'urorinsu ke ciki.

Mu fasinjoji ma da namu kason. Idan aka soke tashi a Kano ko Kaduna saboda hazo, mu ne kan gaba wajen zagin ma'aikata, muna cewa ɗaurin aure zai wuce mu. Irin wannan matsi na cikin abin da ke sa a yi kasada da rayuka. Duk ranar da matuƙi ya ƙi sauka ya juya da kai wani gari, ka gode masa kafin ka fita daga jirgin.