Sharhi: Ƙofar nesa ba ta tsare kanta

A yau ɗan kasuwar Maraɗi yana iya zama a masaukinsa na Lome ya duba lissafin kantinsa ta kwamfuta, kamar yadda ma'aikaci da ke aiki a Damagaram yake iya buɗe takardun ofishinsu na Yamai. Babu mai musun amfanin wannan. Sai dai ƙofar da mai gida ke shiga daga nesa, ita ce ɓarawo ke fako.

Kariyar da aka sani ita ce VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya cikin intanet wadda ke kulle bayanai tsakanin kwamfutar matafiyi da ta kamfani. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce, ko macOS, ko Linux, tana zuwa da kayan buɗe wannan hanya. Amma ba duka hanyoyin ne ke da ƙwari ba. Masana sun daɗe da fasa tsohon tsarin PPTP, har kamfanin Apple ya cire shi daga manhajojinsa a 2016. Akwai tsare-tsare masu ƙwari irin su IKEv2, da WireGuard wanda ya shiga cikin Linux a 2020.

Haka kuma, manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka tamkar katanga ce da damina ta ci. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Duk wanda zai sayi kwamfuta ta hannu don arha, sai ya fara tambayar wace manhaja take ɗauke da ita.

Sakaci yana da tsada. A shekarar 2021, ƴan kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da kalmar sirri ɗaya tak ke tsarewa. Aiki ya tsaya kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Saboda haka wajibi ne shugabannin kamfanoni da na ma'aikatu su sabunta manhajojinsu, su rufe asusun duk wanda ya bar aiki, su kuma tilasta shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Wannan nauyi yana wuyan mai riƙe da kasafin kuɗi, ba na ma'aikacin kwamfuta shi kaɗai ba ne. Dukiyar abokan ciniki da takardun ƴan ƙasa amana ce, kuma rigakafi ya fi magani.